Taku Bakwai Daga Tsamiya

Madatsar ruwa, kudu da Garwa
22 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga uwargijiyata Mairamu, 'yar Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin haƙuri, ke da yara da mutanen Kuseri baki ɗaya. Mu nan lafiya lau. Matata Aisatu tana gaishe ki, tana yi miki ta'aziyya. Gwiwar nan tawa tana nan da halinta, ita kaɗai ce a gidan ba ta jin tsoron Aisatu.

Labarin rasuwar mijinki Alhaji Yusufa ya same ni kwana tara bayan an rufe shi. Robert direba ne ya faɗa min, tsakanin cizon goro biyu, kamar mai ba da labarin tayar da ta fashe a hanya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Mutum ne da bai taɓa raina ni ba, alhali ya san aikina bai wuce kallon ruwa ba.

Na nemi izinin zuwa gaisuwa, shef ɗinmu Musye Hubert ya hana. Ban ga laifinsa ba. Daminar bara ta yi rowa, tafkin ya ja baya yadda ba a taɓa gani ba tun da aka gina madatsar. Kin san aikina, ko da yake kullum cewa kike ba aiki ba ne: ƙarfe shida na safe in sauka matakala, in dubi sandar awo da aka kafa a jikin bango, in ga lambar da ruwa ya tsaya, in kai wa shef. Shekara goma sha huɗu ke nan. Mutumin da malaman lise, wato sakandare, suka ce zai zama wani abu, ga abin da ya zama, mai sanar da cewa ruwa ya ragu, abin da duk jakin da ya zo sha ya riga shi sani. To bana kamfani ya tuna da ni. Injinan wuta suna shan ruwa, ruwan yana ƙarewa, a Garwa unguwa-unguwa ake raba wuta. Masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun haɗa baki suna tsine mana, kuma tsinuwar ta fi saƙon gidan waya saurin isowa.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Mairamu, Wuro Jabbe ya fito.

Garinmu, wanda aka kwashe mu daga cikinsa a manyan motocin kamyo shekara goma sha shida da suka wuce aka bar wa ruwa. Masunta suka gaya min, ban yarda ba, ran Juma'a na shiga jirginsu na je. Babu bango ko ɗaya a tsaye. Amma harsashin masallaci yana nan, ga bakin rijiya, ga dutsen niƙan Innarki a kife inda ta bar shi, don kin tuna direban kamyon ya ce ya yi nauyi. Laka ta bushe ta tsattsage kamar diddigen manomi. Na tsaya a inda ƙofar gidanmu take, ba ƙofa ba gida, na yi sallama. Ban san abin da ya sa ba. Masuntan suka kawar da kai don kada in ji kunya.

Gefen gabas yana cikin ruwa tukuna.

Na ce bari in ba ki labari ko ya ɗebe miki kewar zaman ɗaki. Allah ya ba ki haƙuri.

Bawanki, tunda haka kakanni suka raba mana,
Bilya


Kuseri
6 ga Maris, 1998

Zuwa ga bawana Bilya, ɗan Gwaggo Hajara,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na gode da ta'aziyya. Muna lafiya. Yara sun koma makaranta. Ka gaida Aisatu, ka ce mata ta rage maka gishiri, gwiwar ba za ta ji tsoronta ba amma cikin zai ji.

Ka rubuta min masallaci, ka rubuta rijiya, ka rubuta dutse. Da ka zo gefen gabas sai ka tsallake da layi ɗaya kamar mai tsallake kwata. Ka san abin da ke gefen gabas, Bilya.

Kai ka ɗauki 'yata a hannunka. Shekararta biyu da wata huɗu, ƙyanda ta tafi da ita cikin kwana shida. Mata ba sa bin gawa, na tsaya a bakin zaure ina kallon bayanku har kuka sha kwana. Kuma 'yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane, in ta rarrafo wurina a tsakar gida sai in tashi in ba ta wuri. Haka aka koya min kunya, haka na yi. Ranar da ta mutu Inna ta matse min cinya ta ce kada in kunyata su da kuka. Ban yi ba. Aka yaba min. Har yau in ana misalin haƙuri a dangi da ni ake yi.

Na ce a raina in ƙura ta lafa zan saci jiki in je in ga wurin. Yau, gobe, sai ga kamyoyin kamfaninku. Ban taɓa ganin inda 'yata take kwance ba. Babana ya rasu, ubanta Hamadu, mijina na fari, ya rasu, liman ya rasu. Cikin waɗanda suka je ranar, kai kaɗai ka rage.

Ina cikin takaba, ka sani. Yayar Alhaji, Hajja Fatime, ta tare a ɗakina tana taya ni zama. Ta zuba ƙwallon dabino a kwano, kowace magariba ta cire ɗaya. Ba muguwa ba ce, ƙanenta take so, tana so a cika masa kwanakinsa daidai. Wata huɗu da kwana goma za su cika ran sha tara ga Safar, yaran sun duba min kalanda sun ce tsakiyar Yuni ke nan.

Kai da ka ce ka san ruwa, ga tambayata, kuma ka bar wasa ka amsa. Wurin zai fito? Yaushe? In ya fito, zai jira ni?

Uwargijiyarka,
Mairamu


Madatsa
19 ga Maris, 1998

Uwargijiyata,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya lau muke. Na isar da saƙonki, yanzu miyar gidanmu ta koma kamar ta asibiti. Allah ya isa tsakanina da ke.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Gaskiya kika faɗa, tsallakewa na yi. Ban san yadda zan rubuta ba.

Kin ce in bar wasa, to na bari. Shekara goma sha huɗu ina jiran ranar da wani zai yi min tambayar da ni kaɗai ke da amsarta, yau ga ta. Na koma da jirgi, na sa gora na auna. Maƙabartar tana ƙasa da ruwa da mita ɗaya da santimita goma sha biyar. Injinanmu uku ke aiki yanzu, kullum suna rage tafkin da santimita uku, wato kaurin yatsunki biyu. Ba sa fashi, ba sa Juma'a, ba sa Lahadi. Ki lissafa: ƙarshen Afrilu wurin zai bushe.

Sauran tambayar kuma, ko zai jira ki. Na duba littattafan awo tun daga shekarar farko. Tafkin nan bai taɓa fara cika kafin ƙarshen Yuni ba. Ruwan da ke sauka a duwatsun Ngaundere sai ya shayar da ƙasa, ya cika fadamu, ya yi ta gaishe-gaishe a hanya kamar Bafulatani ya shiga kasuwa, sannan ya iso mana. Ranar da za ki yi wankan fita takaba, ruwa zai kasance ƙasa da kaburburan da fiye da mita guda. Za ki taka da takalmi, ki koma ba laka a jikinsa.

Saboda haka ki zauna. Ki cika wa Alhaji haƙƙinsa, kada ki ɓata da danginsa, akwai yara tsakani. Ba sai kin zaɓa tsakanin mamaci da mamaciya ba, Allah ya shirya kwanakin yadda kowa zai samu rabonsa. Malaman Kuseri sun san littafi, Hajja Fatime ta san dabino, ni kuma na san ruwa. Ki bar wannan a hannuna.

Bawanki,
Bilya


Madatsa
30 ga Afrilu, 1998

Uwargijiyata Mairamu,

Barka da Sallah, ko da yake naman ya daɗe da ƙarewa. Muna lafiya. Da fatan zafin Kuseri bai narkar da ku ba.

Ya fito. Shekaranjiya, kwana biyu kacal bayan ranar da na lissafa. Ki gaya wa duk wanda ya taɓa cewa aikina ba aiki ba ne, kin san wadda nake nufi.

Bari in gaya miki yadda wurin yake, don kada ki zo da wani hoto a zuciya. Babu tudun kabari ko ɗaya. Laka ta shafe komai ta daidaita, liman da jariri duk shimfiɗa ɗaya. Bishiyoyin kuma kamfani ya sare su tun kafin a tare ruwan, don kada rassa su shiga injina, sai kututtura baƙaƙe. Amma na gane kututturen tsamiyar, ya fi sauran kauri.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan, da muka isa gindin tsamiya, na kasa ɗaga kai don kada mu haɗa ido da Hamadu. Sai na zuba ido ga ƙafafuna, ina ƙidaya taku kamar wawa. Daga tsamiya zuwa bakin ramin, fuskantar fitowar rana, taku bakwai ne. Ba ta da nauyi, Mairamu. Abin da na fi tunawa ke nan. Na yi ta gyara hannuwana, ina jin kamar na manta wani abu a gida.

Na sake takawa, bakwai, na kafa doguwar gora a wurin. Na yi mata addu'a. Ban san abin da ake gaya wa yarinya 'yar shekara biyu ba, sai na ce mata kina zuwa.

Saura wata ɗaya da rabi. Ruwa yana ci gaba da sauka, Garwa tana ci gaba da zaginmu, ni kuwa kowace safiya in na ga lambar ta ragu sai in haura matakala ina murmushi. Musye Hubert ya fara zargin ko na samu taɓuwa.

Bawanki,
Bilya


Kuseri
9 ga Mayu, 1998

Bawana,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi. Na karanta wasiƙarka a banɗaki, don nan kaɗai Hajja ba ta bina. Abin da ban yi ba shekara goma sha bakwai, na yi shi a can, na wanke fuska na fito na ce hayaƙi ne.

Bilya, shamuwa ta iso. Jiya na gan su guda huɗu a kan bishiyar maƙwabta. Tunda na zo garin nan ban taɓa ganinsu da wuri haka ba. In sun iso Kuseri yanzu, ku can kudu fa? Na san za ka yi dariya, ka ce tsuntsu bai je lise ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na aika aka kira Malam Dawuda, limamin unguwarmu, na tambaye shi ta bayan labule. Ya ce mai takaba ba ta kwana a wani gida sai da larura. Na ce wannan larura ce? Ya ce bai taɓa cin karo da irinta a littafi ba, zuciyata ta fi shi sani. Hajja Fatime tana zaune tana ji. Da ya fita ta ce, "Mairamu, ƙanena bai ci amanarki ba ko rana ɗaya. Wadda ke ƙarƙashin ƙasa shekara goma sha bakwai ba za ta gudu ba. In kika sa ƙafa waje kafin kwanon nan ya ƙare, ki nemi wani gidan da za ki dawo."

Ba na jin tsoronta, kuma ba na jin tsoron zargina masu tare hanyar Waza. Abin da nake tsoro shi ne in fita a banza, in ɓata wa Alhaji kwanakinsa alhali da na jira da na samu duka biyun, yadda ka ce.

Ba na son lissafi wannan karon. Kalma ɗaya za ka aiko min ta hannun Robert: zo, ko zauna. Duk wadda ka faɗa ita zan yi.

Mairamu


Kuseri
24 ga Mayu, 1998

Bilya,

Lafiya dai? Sau biyu Robert ya zo garin nan, sau biyu na aika tasha, ya ce ba ka ba shi komai ba. Ya ce ya gan ka a Garwa da ƙafafunka, har ka tsallaka titi da ka hango motarsa. Na ce ƙarya yake, gwiwarka ba ta tsallaka titi da sauri.

Na ɗauki shirun a kan cewa babu abin da ya canza, in zauna. Ina zaune. Na ɗinka farin mayafin da zan zo da shi. Dabino ashirin da ɗaya suka rage a kwano.

In ba ka da lafiya ne, ka sa Aisatu ta rubuto.

Mairamu


Madatsa
27 ga Mayu, 1998

Mairamu,

Lafiyata ƙalau, kuma wannan yana cikin abin kunyar. Robert bai yi ƙarya ba.

Zan faɗa miki yadda abin ya faru bi da bi, ba don in wanke kaina ba.

Ran sha uku ga wata umarni ya zo daga manyan kamfani. Wata mai zuwa za a yi gasar ƙwallon duniya a Faransa, Kamaru tana ciki. An ce ko ta halin ƙaƙa kada wuta ta ɗauke a Arewa lokacin wasannin. Mutanen da suka haƙura da rashin albarkar shekarun nan duka, an tabbatar ba za su haƙura ba in talabijin ya mutu ana shirin buga fenareti. To wuta daga ruwa take, ruwa kuma ya yi ƙasa. Sai aka ce a tara. Aka kashe injina biyu aka bar ɗaya. Garwa ta ƙara shiga duhu yanzu don ta ga ƙwallo a Yuni. Na duba littattafai na shekara goma sha shida, na lissafa damina, na lissafa rani, ban lissafa ƙwallo ba.

Kuma tsuntsayenki sun fi ni karatu. Ruwa ya sauka a duwatsu da wuri, ya iso ba tare da ya gaisa da kowa a hanya ba.

Wasiƙarki ta same ni ran sha huɗu. A ranar lamba ta tsaya cik. Da na amsa a take na ce zo, da kin iso kin taka busasshiyar ƙasa. Na sa wasiƙar a aljihu na ce bari in ga gobe. Gobe ruwa ya ƙaru da santimita ɗaya, na ce iska ce ta turo shi. Jibi biyu. Na ce ruwan farko ne, zai wuce. Kowace safiya ina sauka matakalar nan ina roƙon sanda ta gaskata ni. Abin da ya hana ni rubutu ba wani abu ba ne, Mairamu, na ce miki na san ruwa, kuma sau ɗaya a rayuwata wani ya yarda.

Na je wurin Musye Hubert na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi ma uwarsa tana kwance a ƙauyensu can kudu, shekara huɗu bai je ba. Sannan ya ce, "Bilya, in na kunna injin saboda kabari ɗaya, me zan rubuta a rapor?" Ko da ya kunna ma, ruwan da ke shigowa ya riga ya fi ƙarfin injin.

Kwana goma sha uku na riƙe wasiƙarki. Yau da safe na je da jirgi, ruwa ya taɓa gindin gorar. Yana hawa santimita biyar a rana yanzu.

Kin nemi kalma ɗaya. Ta yi latti, kuma ba ni da bakin faɗarta, amma ga ta: zo.

Bilya


Kuseri, gidan Madam Léontine
21 ga Yuni, 1998

Ɗan'uwana Bilya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya tun sha ɗaya ga wata, ayarin motocin da sojoji ke rakawa ya kwana biyu a Mora kafin a bar mu mu wuce. Ka gode min Aisatu da ɗawainiya. Tari na kama a hanya, ya yi sauƙi.

Ka ga adireshin ya canza. Hajja Fatime ta cika alkawarinta. Na tarar da akwatina a zaure, an ɗaure shi da kyau, har da turaren da na manta a taga. Léontine, ungozomar da ta karɓi haihuwar yarana uku, ita ta ba ni ɗaki, a nan na ƙarasa kwanakin da suka rage. Yaran suna zuwa da rana. Babban ba ya kallon idona. An gaya masa uwarsa ta bar takabar ubansa da saura kwana goma sha ɗaya ta tafi yawon ganin ruwa. Zai girma ya gane, ko kuma ba zai gane ba.

A gidanka ban iya magana ba, kai ma ba ka iya ba, muka yi ta miƙa wa juna kwanon abinci. Bari in rubuta.

Da jirgin ya tsaya ka ce mun iso, na duba ko'ina ruwa ne, ja, ba gari ba alama. Ka tambayi masuncin ina gorar, ya ce matan da ke ƙyafe kifi sun cire ta tun makon jiya, ba su san ta wani ba ce. Ka cire takalmi ka shiga da wandon aikinka, ruwan ya kai maka cinya. Kana lalube da ƙafa kana neman kututture, da gwiwar nan taka. Ina kallonka. Ƙafarka ta bugi ɗaya, ka tsaya, ka sunkuya ka shafa shi da hannu, ka wuce. Can gaba ka sami wani, shi ma ka shafa. Ka daɗe a tsaye. Daga na biyun ka juya gabas ka taka bakwai, ka ce, "Nan ne."

Na sauko, na zo inda kake, laka tana riƙe min ƙafa. Ka ji abin da na faɗa. Aminatu. Sau uku na kira, da ƙarfi, har masuncin ya sunkuyar da kai. Bakina bai taɓa ɗaukar sunan nan ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Ashe ba shi da wuyar faɗa. Na durƙusa har ruwan ya kai min wuya, na dafa ƙasa da tafin hannuna biyu. Sanyi ne da ita, da laushi. Na gaya mata abin da na zo gaya mata, wannan tsakanina da ita ne.

Da na ɗago, ba ni kake kallo ba. Kana kallon hagu, wajen kututturen farko. Kuma "nan ne" ɗin da ka ce, da ƙarfi ka faɗe shi, da irin muryar da ka rubuto min wasiƙar watan Maris.

Na juya maganar nan tun daga Garwa har Kuseri. Na bar gidan mijina, na bar idon ɗana, na je na dafa wani wuri. In wurin ne, alhamdu lillahi. In ba shi ba ne, ba ni da wani gidan da zan sake bari, kuma ruwan ba zai sake ja baya don ni ba. Saboda haka ba na tambayarka. Ka ji ni da kyau, Bilya: ba na tambaya, kuma kada ka amsa. In ka ce shi ne, ba zan yarda ba. In ka ce ba shi ba ne, ban san yadda zan tashi da safe ba.

Maganar kwana goma sha ukun nan, ban yafe ba tukuna, ban kuma ƙulla ba. Ka ba ni lokaci. Kai ka ɗauke ta ranar da ni aka hana ni, wannan ma ban manta ba.

Kada ka daina rubutowa, ba ni da kowa da ya san garinmu sai kai. Amma ka rubuto min lafiyarka kawai.

'Yar'uwarka,
Mairamu


Madatsa
3 ga Yuli, 1998

'Yar'uwata Mairamu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta, na ji. Ki miƙa godiyata ga Madam Léontine, Allah ya saka mata. Ki sha zuma da citta saboda tarin.

Aisatu tana lafiya, ta ce in kin ga zaman can ya yi miki ƙunci akwai ɗaki a nan, ke da yaran duka. Ba ni na sa ta ba, ita ta faɗa. Yaranmu suna lafiya. An fitar da Kamaru tun zagayen farko, wasa uku, ba mu ci ko ɗaya ba. Wuta ba ta ɗauke ba ko na minti guda. An aiko wa Musye Hubert takardar yabo, ya sa ta a aljihun tebur bai nuna wa kowa ba. Shi ma yana lafiya.

Gwiwar ta yi sauƙi, likita ya ce jinina daidai yake, ina cin abinci, ina zuwa aiki a kan lokaci.

Na rubuta layin da ke biye sau huɗu ina yagewa, don tun muna yara ba a koya mana wata amsa ba sai lafiya lau. Amma kin ce in rubuto miki lafiyata, kuma na gaji da gaya miki abin da ban tabbatar ba.

Ba ni da lafiya, Mairamu.

Bilya